Maharazu Mai Fenti da Mujiya

Duk wanda ya yi zama a tashar manyan motoci ta Daura shekarun baya ya san rumfar Maharazu mai fenti, ko da bai san sunan mai ita ba. Rumfar kwano ce a jikin katangar gabas, ƙasanta ta sha ɗigon fenti har ba a gane asalin launin turɓayar. Shi kuwa Maharazu dogo ne siriri, ba shi da yawan magana, sai dai yana da wata ɗabi'a ta ƙura wa abu ido har mai abin ya tsargu. In ka zo masa da sabuwar riga ba zai ce ta yi kyau ba. Sai ya kama bakin hannunta ya murza, ya ce shuɗin nan akwai ɗan ja a ƙarƙashinsa, wanki uku zai fito.

Haifaffen Sandamu ne, ɗan manomi. Ya shigo Daura yana saurayi da niyyar koyon tuƙi, sai ya faɗa hannun wani tsoho mai suna Kabo, wanda ke zana ƙyauren bayan manyan motoci masu bodin katako. Ranar farko da ya ga tsohon ya fitar da idon zaki da ɗigon fari guda ɗaya, maganar tuƙi ta fita daga ransa. Shekara tara ya yi a ƙarƙashinsa.

Kabo ne ya koya masa cewa direba ba ya zaɓen dabba haka kawai. Wanda ya sha wuya kafin ya mallaki mota, raƙumi yake so. Wanda ke ganin yana da maƙiya a tasha, zaki ko kunama. Mai dogon zango zuwa kudu mikiya yake nema, sabon ango kuwa ɗawisu. Haka launi ma. Ja don a hango ka daga nesa a kauce, kore albarka ce, fari zuciya ɗaya, baƙi kuwa ba a ba shi wuri sai dai a zagaye zane da shi. Tsuntsu ɗaya ne babu wanda ya taɓa nema a tarihin rumfar, wato mujiya. Ko sunanta Kabo ba ya son a ambata masa da safe.

Da tsohon ya rasu, rumfa ta koma hannun Maharazu. Zakinsa ya yi suna har Damagaram, don direbobi na cewa duk ɓangaren da ka tsaya kai yake kallo. Ya auri Murja, suka kama gida a cikin gari, Allah ya ba su 'ya'ya.

A shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, wa'azi ya yawaita a gari, Maharazu kuwa ba ya rasa zuwa. Wata Juma'a ya ji malami yana bayani a kan masu zana abu mai rai, cewa ranar lahira za a ce su hura wa abin da suka zana rai. Babu wanda ya zo rumfarsa da sanda, babu wanda ya aiko masa da takarda. Shi dai ya koma gida ya zauna gaban tuwo ya kasa kai loma. Murja ta tambaye shi ko zazzaɓi ne, ya ce a'a, yana tuna yawan zakunan da ya sake a kan hanya ne, da ranar da za a tara masa su.

Akwai wani doki da ya kai rabi a jikin ƙyaure, saura ƙafafun baya da wutsiya. Washegari da safe ya shafe shi da farin fenti, ya zana furanni a wurin. Mai motar ya yi faɗa, ya ba shi haƙuri. Daga ranar ya daina zana abu mai rai. Wasu direbobin suka koma Kano da aikinsu, shi kuma ya koma allunan shaguna, bangon makarantu, ƙofofin masallatai, da rubutun addu'a a goshin mota. Bai taɓa yin nadama ba, don ransa ya kwanta. Sai dai Murja ta lura ya daina dawowa gida da labarin aiki. Da can yakan zauna ya ba ta labarin yadda ya sha fama da gashin wuyan zaki, yanzu kuwa in ta tambaya sai ya ce an gama, an ɗauka. Shekara bakwai aka yi a haka.

Wata ranar Talata cikin watan Agusta, bayan azahar, ya tafi sayen fenti shagon Emenike. Emenike mutumin kudu maso gabas ne, Kirista, ya haura shekara ashirin a Daura yana sayar da kayan gyaran mota da fenti, Hausa a bakinsa kamar a nan aka yanke masa cibiya. Sun daɗe da sanin juna, irin sanin da ba ya wuce gaisuwa, ciniki da ɗan raha. Maharazu na shiga hadari ya haɗo, kafin a ɗaure masa gwangwanaye ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Emenike ya tura masa kujera ya ce ya zauna, babu inda za shi.

Akwai ƙaramar talabijin a kan kanta, tsakanin belolin fanka da kwalayen fulogi. Emenike ya ce ya sayi wani faifan katun a hannun mai talla don 'ya'yansa, bari ya gwada ya ga ko yana yi. Maharazu ya gyara kujerarsa ya fuskanci ƙofa. Ya san katun, zane-zanen yara ne masu guje-guje da launi kamar alewa, ba abin da dattijo zai ɓata ido a kai ba. Amma da sautin ya fara, wani kiɗa mai sanyi kamar daga cikin rijiya, sai ya waiga sau ɗaya. Bai ƙara juyawa ƙofa ba.

Wani gari ne a bakin ruwa, an zana shi duka da ruwan toka da shuɗi mai duhu. Babu ja, babu kore, ko fuskokin mutanen kamar an wanke su da toka. A kan tudu akwai wani dogon gidan dutse mai rufi masu tsini kamar ƙahoni, a cikinsa wata mata siririya ita kaɗai. Daga baƙin mayafinta da kwale-kwalen da aka kifa a bakin ruwa, Maharazu ya gane mijinta ruwa ya ci. Kullum takan kunna fitila ta ajiye a taga. Hasken fitilar nan ruwan ɗorawa ne, kuma shi kaɗai ne launi mai ɗumi a duk garin. Shekara talatin Maharazu yana zuba ruwan ɗorawa da babban burushi, bai taɓa sanin cewa in ka hana ido shi, ka ba shi ɗigo ɗaya tak, zai zama kamar mutum ya riƙe maka hannu ba.

Sai ga wani baƙo ya sauka garin, kyakkyawa, sanye da koriyar kwat, da farin kare sol a gefensa. Ya je gidan matar, ya cire hula, ya yi magana a hankali. Turanci ake yi, Maharazu ko kalma ɗaya ba ya ji.

“Mutumin nan maƙaryaci ne,” in ji shi.

Emenike ya yi dariya, ya ce ai duk maganar kirki yake yi, cewa ya yi shi abokin mijinta ne, ya zo ta'aziyya.

“Ban ji abin da ya ce ba. Dubi rufin gidan.”

A kan rufin akwai hankaka ɗaya, baƙi wuluk, ba shi da farin ƙirji irin namu. Da baƙon ya sake buɗe baki, wani ya sauka kusa da shi. Da ya dafa ƙirji yana rantsuwa, na uku ya sauka. Emenike ya ajiye biron da ke hannunsa ya matso. Daga nan suka koma kallo biyu: shi yana fassara abin da baki ya faɗa, Maharazu yana fassara abin da launi ya faɗa, kuma sau da yawa na Maharazu ne ke riga faruwa.

Koren ne ya fi ɗaure masa kai. A wurinsa kore launin masallaci ne da gona, fari kuwa na amana, ga shi an ɗora su a kan mugu da karensa. Sai da ya ƙura ido ya ga ba koren da ya sani ba ne. An sa masa ruwan ɗorawa da yawa da ɗan baƙi, ya zama koren gansakuka, irin na kududdufin da ya daɗe. Ya san haɗin sarai. Sau nawa ya fito masa bisa kuskure a gindin gwangwani, ya ce fenti ya lalace ya zubar a bayan rumfa. Ga wasu sun ɗauki wannan lalataccen sun ba shi aiki. Duk ziyarar da baƙon ya kawo, koren sai ya ƙara cin wuri: ya fara da labule, ya hau bango, ya kama gefen rigar matar, har wata rana harshen fitilar tagar ya soma juyawa kore. Matar kuma tana ta ramewa tana murmushi, ba ta san ana shanye ta ba.

Akwai mujiya a fim ɗin tun farko, tana zaune a wata kafa a saman gidan, tana juya kai tana bin baƙon da ido. Maharazu ya ce wa Emenike wannan ita ce 'yar aiken mugun, ranar da ta sauko matar ta mutu. Ya faɗa da tabbaci, don a nan ba ya buƙatar karatu.

Daidai lokacin da mujiyar ta buɗe fukafukai aka ɗauke wuta. Shagon ya yi duhu, sai ƙarar ruwa a kan kwano. Maharazu, wanda bai taɓa roƙon Emenike ko ruwan sha ba, ya ji bakinsa yana cewa ko akwai mai a janareta. Emenike ya dube shi, ya yafa buhu a ka ya fita baya ya tayar.

Da aka maido da faifan inda ya tsaya, mujiyar ta sauko kamar farin mayafi, ta daki gilashin tagar da ƙirjinta har ya fashe. Iska ta shiga ta kashe koriyar fitilar. A cikin hasken wata matar ta farka kamar daga maye, ta dubi bango, ta ga inuwar baƙon inuwar kare ce, inuwar karen kuma ta mutum. Ta buɗe ƙofa ta kore su, hankakin rufin suka tashi gaba ɗaya suka bi su har cikin ruwa. Da gari ya waye, matar ta tsinci mujiyar a ƙasan taga da karyayyen fiffike, ta naɗe ta a baƙin mayafinta. Sararin sama ya yi wani launi tsakanin ruwan ɗorawa da ruwan hoda, karon farko tun da aka fara.

Fim ya ƙare. Aka kira la'asar, Maharazu ya tafi ya yi salla, ya dawo da jiƙaƙƙiyar hula ya ce a sake sa masa daga farko. A karo na biyu ya ga abin da ya wuce shi: tun zuwan baƙon na farko mujiyar take ƙoƙarin shiga tsakaninsa da ƙofa, kuma a cikin idonta akwai ɗigon ruwan ɗorawa iri ɗaya da na fitilar. Masu zanen sun gaya masa ko ita wace ce tun da wuri, shi ne ya ƙi gani. Ya tambayi Emenike yadda ake sa zane ya yi motsi. Emenike ya ce yadda ya ji, kowane ɗan motsi zane ne daban, dubbai a kan dubbai, mutane da yawa ke taruwa su yi shekaru a kai. Maharazu ya dubi hannuwansa, ya ɗauki gwangwanayensa ya fita, har ya manta bai yi sallama ba.

Kwana uku yana ba Murja labarin, yana tashi tsaye yana nuna mata yadda koren ke hawa bango. Ta ji daɗin ganin bakinsa ya buɗe, amma da aka zo kan mujiya, sai ta ce wannan ta ƙasar Turawa ce, tamu ba ta san mutunci ba. Shi kuwa abu biyu suka tsaya masa. Yana tsoron kada kallon nan ya zama ƙofar komawa abin da ya bari, don hannunsa har ƙaiƙayi yake. Sannan ga kunyar kuskuren da ya yi da bakinsa a gaban Emenike.

Ya sami limamin unguwarsu bayan sallar asuba ya zayyana masa komai. Limamin dattijo ne mai sauraro. Ya ce maganar zane malamai sun yi ta da faɗi, akwai masu tsanantawa akwai masu sassautawa, amma wanda ya bar abu don Allah ya samu natsuwa, shi ba zai ce masa ya koma ba. Maganar mujiya kuwa, ya ce Annabi ya hana camfi da tsuntsaye, har da ita, halitta ce mai tasbihi kamar sauran. Sannan ya tambaye shi:

“Malam Maharazu, kai da idonka ya fi namu, ka taɓa tsayawa ka kalle ta?”

Shekara hamsin a duniya, kukanta kawai Maharazu ya sani. In ya ji, sai ya yi tofi ya ja ƙofa.

Da kaka ta yi, Adama matar maƙwabcinsa Hussaini ta kwanta ciwo. Zazzaɓi ya ƙi sauka, tana ta sambatu. A kwanakin ne aka riƙa jin kukan mujiya daga wani tsohon soro a bayan gidan, inda Hussaini ke ajiye damman gero. Mata suka fara ƙus-ƙus, maza suka ɗauka. Wata safiya da hantsi Maharazu zai tafi tasha ya tarar da mutum biyar a ƙofar soron da karan dawa da kwalbar kananzir da sanduna, za su turnuƙe ta da hayaƙi, in ta fito su kashe.

Ya jingine babur ɗinsa ya gaishe su. Bai kawo maganar liman ba, don ya ga idon Hussaini, mutumin da ya kwana huɗu bai runtsa ba. Ya ce musu wuta kusa da gero ba dabara ba ce, su ba shi dama ya shiga shi kaɗai, in ya kama ta zai kai ta inda ba za a ƙara jin ta ba. Ɗaya ya ce in ta dube shi ido cikin ido fa. Maharazu ya ce abin da yake so ke nan. Suka ɗauka wasa yake.

Ya tuɓe babbar rigarsa ya riƙe a hannu, ya sunkuya ya shiga. Soron na warin gero da tsohuwar ƙasa. Azara ɗaya ta karye, rana ta shigo ta wurin kamar an kafa sanda. Ya taka damman ya hau, yana jin ƙananan ƙasusuwa na karyewa a ƙarƙashin ƙafarsa, ƙasusuwan ɓeraye ne tuli guda. Da ya ɗaga kai, ga ta a wata kafa a bango, bai fi kamu uku da fuskarsa ba.

Ya zaci baƙa zai gani, ko mai ruwan ƙasa da datti. Fuskarta fara ce tas, kamar an ɓare farin goro an buɗe shi biyu, da siririn zobe mai launin zuma a kewaye. Idanun baƙaƙe ne masu sheƙi kamar ɗinya. Bayanta launin gero ne da ya nuna, amma an yafa masa ruwan toka sama-sama kamar hayaƙi, kuma a kan kowane gashi akwai ɗigon fari da aka zagaye da baƙi, ƙanana kamar kan allura. Ya nemi biyu masu kama da juna bai samu ba. Ƙirjin kuwa ba fari ɗaya ba ne. Ya ga farin madara, ya ga farin auduga, ya ga wani da bai san sunansa ba, wanda ke komawa ruwan zinariya in ta yi numfashi. Ya fara lissafa a ransa abin da zai haɗa ya fitar da launin kafaɗarta, ya kai gwangwani shida, ya ga bai ko kama hanya ba.

Ta karkatar da kai ta dube shi. Ba mugunta a kallon, ba tsoro sosai, kallon mai gida ne da aka shigo wa ba sallama. Maharazu ya tuna masu fim ɗin can da suka yi shekaru suna zana tasu mujiyar, suka girgiza shi har ya kasa barci, ga shi ko rubu'in wannan ba su kamo ba. Wannan kuwa tana nan a bayan gidan maƙwabcinsa, ana kwana ana tashi da ita, ba mai kallo. Ya ji bakinsa na maimaita subhanallahi a hankali, hawaye na bin gemunsa, bai san sanda suka fara ba.

Sai da Hussaini ya kira sunansa sau biyu daga waje ya dawo hayyacinsa. Ya jefa mata rigar ya rungume. Ta soke shi da farce a gindin babban yatsa har jini ya ɓata rigar, amma abin da ya fi ba shi mamaki shi ne rashin nauyinta, kamar ya ɗauki damin auduga mai zuciya a ciki. Da ya fito mutanen suka ja da baya. Aka samo kwali, ya huda shi, ya ɗaure a bayan babur.

Sandamu ya nufa, gonar mahaifinsa, inda akwai wata tsohuwar kuka mai kogo. Ya ajiye kwalin a gindinta ya buɗe ya koma gefe. Ta ɗan jima tana ƙifta ido, sannan ta tashi. Maharazu ya saba da tashin tantabara da na zabo, ya sa kunne don ya ji kaɗawar fiffike. Bai ji komai ba. Tsuntsu mai faɗin hannu biyu ya wuce ta saman kansa, ko ƙarar da ganye ke yi in ya faɗo babu. Ta shige kogon. Ya zauna a kan kunya har rana ta take tsaka, yatsansa na zafi, bai damu ba.

Adama ta warke. Yayanta ne ya zo daga Baure ya kai ta asibiti, aka ce taifot ne, aka yi mata allurai. A unguwa kuwa aka ce tun da mujiya ta bar gidan sauƙi ya samu, har wasu na yi wa Maharazu kallon mai wani asiri. Bai yi gardama da kowa ba. Kafin rani ya raba, ɓeraye sun yi wa geron Hussaini ɓarnar da ba su taɓa yi ba, sai da ya nemo kyanwa biyu.

Bai koma zana dabba ba, har yau. Abin da ya canza a rumfar wani abu ne daban. Wani direba mai suna Ɗanbaba, wanda wansa ya rasu a hatsari a hanyar kudu, ya kawo sabon bodi ya ce a yi masa wani abu a ƙyauren, shi ma bai san me yake so ba, furanni dai sun fita ransa. Maharazu ya ba shi benci ya sa aka kawo shayi, ya bar shi ya yi ta magana a kan marigayin har ya gaji. Kwana goma sha ɗaya ya yi a kan ƙyauren, ya rufe shi da tabarma ba ya bari a leƙa. Da ya buɗe, hanya ce bayan an ɗauke ruwa, da ruwan toka da shuɗi mai duhu, ga kuka can nesa, ga ɗan gida a ƙarshen hanyar da taga ɗaya mai hasken ruwan ɗorawa. Babu mutum, babu dabba, ko tsuntsu babu.

Ɗanbaba ya tsaya ya daɗe, sannan ya koma kan bencin ya zauna ya cire hula.

“Haka tsohuwarmu take bar mana fitila in mun yi dare a hanya,” in ji shi. “Wa ya gaya maka?”

Maharazu ya ce babu wanda ya gaya masa.

Motar ta zaga ƙasa, aka fara zuwa daga Mashi, daga Kazaure, har daga ƙetaren iyaka ana neman irin na Ɗanbaba. Ba ya maimaita wa kowa. Sai ka zauna ka yi magana tukuna, yana sauraro yana kallon gwangwanayensa. Wani ya samu gona da hadari a kanta, wani kogi da asuba, wani ƙofa a buɗe da jan buta a bakinta. Ba kowa ya so ba. Akwai masu cewa aikinsa ya yi duhu, su furanni suke so masu ɗaukar ido, yakan yi musu ba tare da ɓata rai ba. Lalataccen koren nan ma ya daina zubarwa, yana da gwangwaninsa daban, ko da yake sau biyu kacal ya taɓa samun inda ya dace da shi.

Fim ɗin kuwa bai ƙara ganinsa ba. Da ya koma shagon bayan mako biyu, Emenike ya riga ya aika da faifan gida, daga baya aka ce ya karce ya daina yi. Babu wanda ya riƙe sunansa, mai tallan ma da aka tambaya bai san wanne ake nufi ba. Emenike ya so ya sa a nemo a Kano, Maharazu ya ce ya bari, sau biyun ya ishe shi. Amma daga ranar ruwan nan zamansu ya wuce na ciniki. Da Emenike ya aurar da 'yarsa Ada, Maharazu ne ya yi wa gidan fenti, ya ƙi karɓar komai sai abinci.

Yanzu ya tsufa. Motocin bodin katako sun yi ƙaranci, masu sabbin kuma hoton kwamfuta suke liƙawa. Ya bar rumfar, sai dai jefi-jefi a kira shi ya zaɓa wa masallaci ko sabon gida launi. Idonsa garau yake. Murja na cewa tafiya da shi aiki ne, don ƙadangare a bango ma sai ya tsaya masa.

Bara suka tashi su shida har da direba a mota za su ɗaurin aure Mashi. Taya ta yi faci a hanya, kowa ya sauka ya nemi inuwa. Da direba ya gama canjawa aka nemi Maharazu aka rasa. Can aka hango farar hularsa a bayan wata sabara. Yana tsugune, babbar rigarsa ta sallar idi tana jan ƙasa, ya sa ido a kan wata hawainiya da ke ƙoƙarin sauka daga ɗanyen reshe zuwa busasshe. Hussaini ya ce masa lokaci na tafiya. Bai ɗago ba, ya ɗaga hannu kawai ya ce a ba shi minti biyar, ƙafarta ta gaba ta fara juyawa.

Hussaini ya sunkuya don ya ga abin da ake nufi, bai miƙe ba. Sauran suka zo ɗaya bayan ɗaya, har direban da bai goge baƙin mai daga hannunsa ba. Dattawa shida suka kewaye sabara a bakin titi, motoci na wucewa ana leƙensu, suna kallon kore yana janyewa daga jikin 'yar halittar daga kafaɗa zuwa wutsiya, ruwan ƙasa yana maye wurinsa. Ko da suka isa Mashi an shafa fatiha, ana rabon goro.